Abin da Ke Maƙale a Ƙarshen Layi

Zongo, Wagadugu

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki zaune lafiya a kujerarki, motar Bobo ta riga ta bar gari, direban kuma mai tsoron Allah ne. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, ya sauke ki cikin aminci, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki.

Na cusa takardar nan ƙarƙashin ƙullin dambun naman da Goggonki Asabe ta yi miki, don na san halinki. Ba za ki kai Boromo ba sai kin kwance shi. In da hannu na ba ki a tasha, da a nan za ki buɗe, ki fara ja min magana, ni kuwa ban taɓa cin nasara a kanki da baki ba. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa tun kina ƙarama harshena yake nauyi in zan yi miki faɗa. Mutum ba ya ɗaga wa uwarsa murya. To yau keken rubutuna ne zai yi maganar, shi ba ya jin kunyar kowa.

Goggonki ta gaya min abin da kika ce mata. Kada ki ji haushinta, ke ma kin san ba a ajiye magana wurin Asabe ta kwana. Kin ce aikin nan da kamfaninku ya ba ki na kula da reshen Bobo, wata ɗaya kawai za ki yi don kada a ce kin ƙi, sannan ki nemi uzuri ki dawo gida, saboda idona. Kin ce in ba ke, wa zai ɗiga min magani safe da yamma, wa zai karanta min takardun masu kawo bugu, wa zai ɗauke ni a bayan mashin zuwa wurin likita. A kan wannan maganar nake rubuto miki, ba a kan komai ba. Amma ki yi haƙuri, sai na bi ta doguwar hanya, ta nan na iya.

Kin tuna ranar da kika kai ni unguwar Dapoya aka duba min yanar ido? Muna fitowa wayarki ta yi ƙara, patron ɗinku ne, wato shugabanku na wurin aiki, ya ce ki zo yanzu. Ba ki da lokacin mayar da ni gida, sai kika wuce da ni biro ɗinku, wato ofis, kika zaunar da ni a kusurwa kusa da fanka, idona cike da maganin da aka ɗiga, ina ganin mutane kamar cikin ruwa. Kin ɗauka gyangyaɗi nake yi. Ban yi ba. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan yana kunnena, kuma zan maimaita miki yadda na fahimta. In na karkace, ki yi min dariya a motar, ba mai ganinki.

Kamfaninku yana kula da kwamfutocin wasu shagunan magani a garuruwa. Ke kika rubuta wani ɗan jerin umarni, wanda ni nake kira ɗan aikenki. Kullum shi kaɗai yake bin layin waya daga Wagadugu, ya shiga kwamfutar Kudugu, ya shiga ta garin Fada, ya tambayi kowace: kin adana aikin yau? In ta adana, sai ta amsa masa da haruffa biyu, OK. Shi kuma ya dawo ya ba ku rahoto. To sai ɗan aiken nan ya fara cewa Fada ba ta adana ba. Aka tura Rasmane, abokin aikinki wanda ya girme ki a shekaru da aiki, ya hau mota ya je Fada, ya tarar komai lafiya. Ya dawo. Washegari ɗan aike ya sake cewa Fada ba ta adana ba. Ranar da nake wurin, Rasmane ya dawo ke nan daga tafiya irin wannan, kuma ransa a ɓace yake.

Na ji shi yana cewa, rabi Faransanci rabi abin da ya zo bakinsa: "Ɗan aikenki maƙaryaci ne, je te dis. Ga amsar nan a allo, OK. Ni ina gani, ke kina gani, patron yana gani. Shi kaɗai ne makaho?"

Da ya ce makaho na san kalmar ta taɓa ki, don ina zaune a wurin. Sannan kika ce masa a hankali: "Rasmane, ba ya ƙarya. An tambaye shi ko amsar OK ce, ya ce a'a. To akwai abin da yake gani wanda allo bai nuna mana ba."

Kika danna abin da kika danna, kika sa kwamfutar ta zube amsar ɗaya bayan ɗaya, har da abin da take ɓoyewa. Na ji kina karantawa: O, sannan K, sannan kika tsaya. Kika ce, "Le voilà. Retour chariot."

Uwani, na kusa faɗowa daga kujera. Rabona da jin wannan kalma a bakin wani tun muna koyon bugu, malaminmu yana bin bayanmu da rula. Retour chariot, wato komawar shariyo. Shariyo ai shi ne kan keken rubutu, wanda yake ɗauke da takarda yana tafiya da ita in ana bugawa. In ƙararrawa ta kaɗa a ƙarshen layi, sai ka tura hannun ƙarfen nan, ya yi maka aiki biyu lokaci guda: ya mayar da shariyo farkon layi, ya kuma murza takarda ta hau sama. Abin da hannuna na hagu yake yi ke nan tun kafin in auri mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa zaton yana cikin kwamfuta ba.

Sai kika juyo wurina, a gaban patron, a gaban kowa, kika yi min bayani da Hausa. Kika ce: "Baba, abinka ne fa. Mashin ɗin Fada, wato kwamfutar can, ta ɗauka mutum ne zaune gabanta, ba ɗan aike ba. Shi ya sa a ƙarshen kowane layi take aiko da umarni biyu, koma farko, sannan sauka ƙasa. Tamu ta nan ta karɓi na sauka ƙasa ta gane shi, na komawa farko kuwa ya maƙale a jikin amsar. Ba a ganinsa, amma yana nan, il est là." Sannan kika ce wa sauran da Faransanci a keken babanki kika fara sanin wannan abu, kina ƙarama kina zaune a kan cinyarsa kina tura hannun ƙarfe don ki ji ƙara.

Na sa hannu na goge idona, kuma na gode wa Allah da likita ya ɗiga min magani, don kowa ya ɗauka shi ne yake zuba.

Kika kuma nuna musu dalilin da ya sa rahoton yake fitowa a hargitse, sunan gari ya hau kan amsa ya cinye ta. Wannan kam ban buƙaci bayani ba, don na taɓa yinsa da hannuna. Wata rana ina buga wa wani takardar neman aiki a bakin meri, wato ofishin magajin gari, yana tsaye a kaina yana ba ni labarin surukinsa, sai na ja shariyo da hannu ban taɓa ƙarfen ba. Ya koma farko, takarda ba ta motsa ba. Na buga layi cikakke a kan layin da na riga na gama. Da na duba, ba na farkon, ba na biyun, sai baƙi kamar an zubar da toka. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu ga abin da nake so ki tafi da shi Bobo, kuma daga kurakuraina zan ciro miki, don su ne kaɗai abin da na tara da yawa.

Akwai wani mai sayar da atamfa a kasuwar Sankaryaare da ya kawo min bugun takardar neman rumfa. Na sa takardar kwafi a ƙasa kamar kullum, na buga, sai na ga na saka masa sunan wani layi na kasuwa daban. Na shafa farin ruwan gyara a ta sama, na hura, na buga daidai. Ta yi kyau, har ya yaba. Na manta da ta ƙasa. Ita kuwa ta ƙasan aka ajiye a ofis, ta saman aka mayar masa. Bawan Allah nan ya yi ta zirga-zirga yana nuna tasa, su suna nuna tasu, kowa da gaskiyarsa. Da ya gano, ya zo ya tsaya gaban teburina ya faɗa min maganganu da Mosanci waɗanda ba zan buga miki a nan ba. Saboda haka abin da kika yi ranar nan ki mai da shi ɗabi'a. In abu biyu sun yi kama a ido amma sun ƙi haɗuwa, kada ki ce wani ya yi ƙarya. Ki ɗaga ta sama ki duba ta ƙasa. Wannan ba a kwamfuta kaɗai ba, har a mutanen da za ki shugabanta. Wanda ya ce miki "lafiya lau" da safe, wani lokaci akwai abin da ke maƙale a ƙarshen maganarsa.

Na biyu, na ji patron ɗinku ya ce, tunda abin a ƙarshe yake, a riƙa datse harafin ƙarshe na kowace amsa, a huta. Kika ce masa a'a, cikin ladabi amma ba ki janye ba. Kika ce mashin ɗin Kudugu ba ta aiko da wannan alama, in an datse mata na ƙarshe K ɗin za a cire, gobe kuma Rasmane ya hau motar Kudugu. Kika ce gyaran gaskiya shi ne a sanar da mashin ta can tun farko cewa ba mutum ne zaune ba, ta daina aiko da abin. Mashinan da suka tsufa suka ƙi ji kuma, a tsince wannan alamar ita kaɗai a bar sauran. Kika gwada a gari ɗaya kafin ki sake shi ga duka, sannan kika rubuta bayani a saman aikin don wanda zai zo bayanki. Ni a shekarunki reza nake ɗauka. In na ga kuskure sai in kankare da sauri, kuma sau da yawa na huda takarda, na tafi da kalma mai kyau tare da mummunar. Akwai wata tsohuwa daga unguwar Cissin da na huda wa sunan ɗanta a takardar da ba ta da wata irinta. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji ba daɗi. Ki san ainihin abin da za ki cire kafin ki sa hannu, kuma in babba ya ce a yi ta gajeriyar hanya, ki faɗa masa gaskiya kamar yadda kika yi, murya ƙasa, ido sama.

Abin da ya fi burge ni kuwa ba wannan ba ne. Da aka gama, kunya ta kama Rasmane. Kika ce a gaban patron, da bai je Fada da ƙafarsa ya tabbatar mashin lafiya take ba, da kina can kina zargin mashin, ba za ki taɓa duba amsar ba. Gaskiya kika faɗa, amma ba kowa ne zai tuna ya faɗe ta a irin wannan lokaci ba. Ni ban iya wannan ba. Lokacin da kwamfuta ta fara shigowa gari, wani abokin sana'ata ya sayi ɗaya ya buɗe shagon bugu, ya ce in zo mu koya tare. Na yi masa dariya a gaban mutane, na ce talabijin ce aka liƙa wa keke, in wuta ta ɗauke sai ya dawo ya roƙe ni aro. Yau shi yana da masu aiki a ƙarƙashinsa, ni ina nan da laimata da teburina, kuma gaisuwarmu ba ta wuce "ne y yibeogo", ina kwana ta Mosanci. Ba rashin koyon ne ya fi damuna ba, dariyar ce. Da kika ce ke informatik za ki karanta ma, wato ilimin kwamfuta, ai cewa na yi ki yi sakatariya, aikin da na sani. Mahaifiyarki ce ta tsaya, ta ce min, "Malam, kai ka buga naka, ka bar yarinya ta buga nata." Kada ki yi wa kowa dariya don ya rasa abin da ke kika gani. A Bobo za ki tarar da maza da suka girme ki, waɗanda ba za su so mace 'yar Zongo ta gaya musu yadda za a yi ba. Ki bar musu ƙofar da za su fita da mutuncinsu, za su bi ki.

Yanzu bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ina alfahari da ke, Uwani. Alfaharin da har yana ba ni tsoro, ina yin istigfari a kansa. Ba wanda ya rage a ƙofar masallaci da bai ji labarin retour chariot ba. Malam Idi liman, in ya hango ni na gyara zama na ce "wata rana a biro ɗin Uwani", sai ya ce yana da alwala da zai sabunta. Mai shayin bakin layi ya iya labarin fiye da ni, har yana ƙara masa gishiri, a nasa bakin patron ɗin ma ya durƙusa. Kowa na gaya wa sai ke. Kakanninmu da goro da tufafi suka zo garin nan a kan jakuna, suna wata da watanni kafin saƙo ya je ya dawo. Jikarsu tana zaune a kujera tana aika ɗan aike Fada ya dawo kafin shayi ya huce. In wannan bai isa mutum ya ɗaga kai ba, ban san abin da zai isa ba.

To mu dawo kan idona.

Na riga na shirya komai, kuma ban nemi shawararki ba da gangan. Goggonki za ta dawo ɗakinki daga Cissin har a yi min aikin idon a gama. Mun gwada ɗiga maganin shekaranjiya kina kasuwa. Hannunta nauyi gare shi, tana riƙe min kai kamar za ta yi wa rago fawa, rabin maganin a kunne yake ƙarewa, amma za ta koya. Malam Idi ya ce mashin ɗinsa da shi kansa nawa ne duk ranar likita, ina jin don ya samu in daina ba shi labarinki ne. Bugu kuwa, yatsuna ba su taɓa buƙatar ido ba. Wannan takardar da kike riƙe da ita ban ga rabinta ba, kuma ki duba ki gani ko layi ya hau kan layi. Wanda ya kawo aiki zai karanta min da bakinsa, wanda bai iya karatu ba Allah zai kawo mai karanta mana. Likita ya ce yanar tana cirewa, in sha Allahu. In ma ba ta ciru ba, zaman ki a gida ba zai cire ta ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ba zan ji kewarki ba. Zan ji. Tun yanzu ina jin gidan ya yi faɗi, alhali jakarki tana nan a bakin ƙofa. Zan riƙa kasa kunne da la'asar ina jiran ƙarar mashin ɗinki a lungu, in tuna ba za ta zo ba. Wannan nawa ne, ni zan ɗauka, kuma ina iyawa.

Amma ki tuna takardar neman aikin nan da na lalata. Shariyo ya koma farko, takarda ba ta hau ba. In kika dawo ƙarshen wata da jakarki, ba zan kore ki ba, gidanku ne. Za ki zauna kina ɗiga min magani, kina karanta min takardun mutane, kina zama idona, kina buga kwanakinki a kan nawa. Bayan 'yan shekaru in an duba, ba za a iya karanta naki ba. Nawa ma ba za a iya ba, don abin da na rubuta mai kyau a duniyar nan ke ce, kuma ke ɗin za ki shafe. Ni layina ya kusa kai gefe, ina jin ƙararrawa ba ta da nisa, kuma ban ƙi ba, alhamdulillahi. Abin da nake so kawai in san takarda ta hau.

Ki zo da salla, ki zo in an ba ki hutu, ki zo in aikin idon ya tashi in kina so ki riƙe min hannu kwana biyu. Irin wannan dawowar ina maraba da ita, har zan sa Asabe ta yi waina. Amma ki zo da tikitin komawa a jakarki, kuma zan laluba in ji shi da hannuna kafin in amsa gaisuwarki.

Ki kula da sallarki a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki ci abinci mai zafi, ba burodi da madara a gaban allo ba. In kin sauka ki nemi gidan da na kwatanta miki a unguwar Hausawa, ki gaishe da tsofaffi, ki koyi gaisuwa da Julanci, yaren garin, tun makon farko. Duk Juma'a bayan an sauko ki yi min bip a wayar Goggonki, wato ki kira ki katse, ni zan je telesantar, shagon kiran waya, in kira. Kuma in na tambaye ki yaya aiki, kada ki ce min OK. Ki zube min amsar duka, har da abin da allo ba ya nunawa.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin mutum da aljan, ya ba ki sa'a a kan duk abin da kika sa hannu. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai mata labarin abin da 'yarta ta zama. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min. Ki ci dambunki, ki ba na kusa da ke, kuma in mota ta tsaya a Boromo ki sauka ki yi salla ki koma cikin wadda kika fito, ba wadda ta fuskanci Wagadugu ba.

Ga ƙararrawa ta kaɗa. Na tura ƙarfen, takarda ta hau.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki mai yi miki addu'a kullum,
Baba